Laftanar Janar: Muƙamin da Ba a Hawa da Tsani

A watan Agustan 2015, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya tsaya a fadarsa ta Abuja ya liƙa wa Tukur Yusuf Buratai, sabon Babban Hafsan Sojin Ƙasa, sabon muƙami a kafaɗa. Buratai ya shiga zauren yana Manjo Janar, ya fito yana Laftanar Janar. Shi kuwa mai liƙawar, da Manjo Janar ya hau mulki a ƙarshen 1983, da shi aka hamɓarar da shi a 1985, da shi kuma ya tuɓe kaki. Ke nan a lissafin bariki zalla, wanda ya shiga makarantar soja a 1981, lokacin da Buhari ya kusa shekara ashirin cikin kaki, ya ɗara shi da mataki guda. Amma Buratai ne ya ƙame ya sara, domin a ranar Buhari yana tsaye ne a matsayin Babban Kwamandan Askarawan Najeriya, kujerar da ta fi kowane muƙamin soja.

Abu biyu ne a wannan hoton ke rikita mutane. Na farko sunan kansa. Duk wanda ya taɓa zama kusa da bariki ya san Manjo ya fi Laftanar nesa ba kusa ba, har da Kyaftin a tsakaninsu. To ta yaya idan aka ƙara musu Janar sai lissafi ya juye? Na biyu, wanda ya fi nauyi a wurina, shi ne bambancin muƙami da kujera. Na farkon bayaninsa gajere ne, kuma kunnen Bahaushe ya fi na wasu saurin kama shi.

Muna da kalmar Samanja, wadda kakanninmu da suka yi soja a zamanin Turawa suka nannaɗe daga Saje Manjo. Asalin Manjo Janar kuwa Saje Manjo Janar ne. A rundunonin Turai na ƙarni na 17, kowane mataki shugabanni uku gare shi. Ƙaramar ƙungiya tana da Kyaftin, da Laftanar, da Saje. Laftanar kalmar Faransanci ce mai nufin wanda ke riƙe da wurin wani, wato wakili ko na'ibi. Idan aka hau zuwa babbar ƙungiya sai a sami Kanar, da wakilinsa Laftanar Kanar, da na uku Saje Manjo, wanda a wancan zamanin hafsa ne ba irin Samanjan yau ba. Idan aka zo ga rundunar ƙasa baki ɗaya sai a maimaita tsarin a ƙara Janar, kalmar da ke nufin na gaba ɗaya, kamar yadda muke ji a Akanta Janar. Sai ya zama akwai Kyaftin Janar, da wakilinsa Laftanar Janar, da na uku Saje Manjo Janar. A yaƙin basasar Ingila, a sabuwar rundunar da majalisa ta kafa a 1645, Thomas Fairfax ne shugaba, Oliver Cromwell ne Laftanar Janar mai kula da mayaƙan dawaki, Philip Skippon kuma shi ne Saje Manjo Janar mai kula da dakarun ƙasa. Wanda ya san sarautar Madawaki a ƙasar Hausa ba zai yi mamakin ganin mai dawaki a gaban mai dakaru ba. Da tafiya ta yi tafiya sai baki ya gajarce sunayen: Kyaftin Janar ya koma Janar, Saje Manjo Janar ya yar da Sajen ya koma Manjo Janar. Sunan ya canza, matsayin na uku bai canza ba. Laftanar Janar wakilin Janar ne, shi ya sa yake gaba.

Wannan ke nan. Sauran maganar ta muƙami da kujera ce.

A ƙa'idar soja ta ko'ina, muƙami ma'auni ne na yawan mutanen da aka ɗora wa hafsa alhakinsu. Laftanar yana jagorantar kimanin mutum talatin. Kyaftin ko Manjo yana da kamfani, mutum ɗari da ɗoriya. Laftanar Kanar yana da bataliya, ɗaruruwan sojoji. Bataliyoyi uku ko fiye su ne birged, ƙarƙashin Birgediya Janar, kamar Birged ta 3 da ke Kano ko ta 17 da ke Katsina. Birged-birged su ne ke haɗuwa su zama babbar runduna, wadda Manjo Janar ke riƙewa. Najeriya na da Runduna ta 1 a Kaduna, ta 2 a Ibadan, ta 3 a Jos, ta 6 a Fatakwal, ta 81 a Legas, ta 82 a Enugu, sai ta 7 a Maiduguri da aka kafa a 2013 saboda yaƙin Boko Haram, da ta 8 a Sakkwato. A ƙasashe masu manyan rundunoni irin su Amurka da Indiya da Pakistan, akwai wani mataki a sama: ana haɗa irin waɗannan rundunoni biyu ko fiye a ba kwamanda ɗaya, kuma wannan shi ne ainihin aikin Laftanar Janar. Shi ya sa a Pakistan kwamandan Rawalpindi ko na Lahore ko na Peshawar kowannensu Laftanar Janar ne, suna da yawa a lokaci guda, kowa da yankinsa.

Najeriya ba ta da wannan matakin. Daga kwamandan runduna sai hedikwatar soja a Abuja. Hatta kwamandan fagen yaƙin Arewa maso Gabas, na farmakin Lafiya Dole da aka sauya wa suna zuwa Haɗin Kai a 2021, wanda ke da sassa da dama a ƙarƙashinsa har da jiragen sama, Manjo Janar ne. Saboda haka muƙamin Laftanar Janar a Najeriya ba shi da runduna tasa ta fagen daga. A aikace ya manne wa kujera guda, ta Babban Hafsan Sojin Ƙasa. Cikakken Janar kuma ya manne wa kujerar Babban Hafsan Tsaro, idan sojan ƙasa ne ke kanta. Idan na ruwa ne, irin Ibrahim Ogohi da ya riƙe ta daga 1999, sai a kira shi Admiral, idan na sama ne irin Alex Badeh sai a ba shi kwatankwacinsa na sojan sama. Ana samun togaciya jefi-jefi. Chikadibia Obiakor ya zama Laftanar Janar lokacin da ya tafi jagorantar dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya a Laberiya, kafin ya zama mai ba ta shawara kan harkar soja a 2008. Buhari ya ba Lamidi Adeosun muƙamin a 2019 alhali Buratai na kan kujera. A 2025 an ba shugaban hukumar leƙen asirin tsaro shi. Amma waɗannan ana iya ƙirga su da yatsu.

Mai kallo daga nesa zai iya gane su a kafaɗa. Tun daga kurtu ana farawa da igiya a hannu, hafsa kuma da anini. Manjo mikiya ɗaya, Laftanar Kanar mikiya da anini, Kanar mikiya da anini biyu, kuma daga nan ne jan ƙyallen kwalar riga ke fara bayyana, abin da ya sa ake ce musu masu jan wuya. Birgediya Janar mikiya da anini uku. Daga Manjo Janar sai takobi da sanda su shigo a giciye ƙarƙashin mikiya. Laftanar Janar yana ƙara anini ɗaya a kan haka, Janar ya ƙara biyu. Taurarin da 'yan jarida ke ƙirgawa, su ce mai tauraro biyu ko uku, ba a kafaɗa suke ba, a jan allon gaban mota suke: ɗaya na Birgediya, biyu na Manjo Janar, uku na Laftanar Janar, huɗu na Janar.

A nan akwai tarkon da masu sauraron rediyo a tsakanin Katsina da Maraɗi ke yawan faɗawa. Nijar tsarin Faransa ta gada, kuma a tsarin Faransa janar mafi ƙanƙanta, na birged, da taurari biyu yake farawa. Na gaba da shi uku, na gaba huɗu, na ƙoli biyar. Saboda haka mai tauraro biyu a Yamai tsaran mai tauraro ɗaya ne a Abuja, mai huɗu a Yamai kuma shi ne tsaran Laftanar Janar. Hafsoshin da suka yi aiki a rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi, mai hedikwata a Injamena, sun san wannan lissafin domin kullum da shi suke zama. Buratai ma daga can aka ɗauko shi a 2015.

Har zuwa Manjo Janar, tafiyar tsani ce, ko da yake tsani ne mai tsukewa. Yaro zai shiga Makarantar Horas da Hafsoshi ta Kaduna, wadda aka kafa a 1964, ya yi shekara biyar ya fito da anini ɗaya. Lambar ajinsa, wato kwas ɗinsa, ita ce za ta bi shi har kabari. Zai ci jarrabawar ƙarin girma daga Laftanar zuwa Kyaftin, daga Kyaftin zuwa Manjo. Zai je kwalejin Jaji sau biyu, ƙaramin kwas da babba. Idan yana son jan wuyansa ya kai shi ga Janar sai ya ratsa Kwalejin Tsaro ta Ƙasa da ke Abuja, ko cibiyar Kuru kusa da Jos, ko makamanciyarsu a waje. A kowane mataki kwamiti na zama ya duba rahoton shekara-shekara da iyayen gidansa suka rubuta a kansa, da irin kujerun da ya riƙe, da gurbin da ake da shi, sannan Majalisar Sojin Ƙasa ta amince. Wanda aka tsallake har ya ƙure damarsa sai ya tafi gida. Akwai kuma agogo biyu da ke bugawa a bayansa: iyakar shekarun haihuwa na kowane muƙami, da shekara 35 ta aiki. Marigayi Taoreed Lagbaja, tsohon Babban Hafsan Sojin Ƙasa, misali ne mai kyau na tsawon hanyar. Ya shiga makarantar Kaduna a 1987 cikin kwas na 39, ya fito a 1992, bai zama Manjo Janar ba sai 2019. Shekara 27 ke nan daga aninin farko.

Ba na cewa wannan tsanin ba shi da ƙura. Ana ƙorafin uwa a gindin murhu, ana ƙorafin rabon jiha-jiha, kuma sashe na 217 na tsarin mulkin 1999 da kansa ya ce dole rukunin hafsoshi ya nuna fuskar tarayya, wanda hakan ke sa cancanta ta riƙa tafiya tare da lissafin yanki. Duk da haka akwai takarda, akwai kwamiti, akwai ma'aunin da hafsa zai iya auna kansa da shi.

Daga Manjo Janar zuwa sama tsanin ya ƙare. Babu jarrabawa, babu kwas ɗin da za ka ci a ce ka cancanci tauraro na uku. Sashe na 218 ya ba Shugaban Ƙasa ikon naɗa hafsan tsaro da na ƙasa da na ruwa da na sama, kuma bai ce ya ɗauki mafi daɗewa ba. Zai duba cikin Manjo Janar masu yawa ya nuna ɗaya. Dokar rundunonin soja ta ce sai Majalisar Tarayya ta tabbatar, amma an yi shekaru ana tsallake wannan sharaɗin, har sai da Festus Keyamo ya kai ƙara, Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke hukunci a 2013 cewa naɗi ba tare da amincewar majalisa ba haramtacce ne. Tun daga naɗin farkon 2014 ake kai sunayen majalisa. Bayan tabbatarwar ne ake liƙa muƙamin. Wato kujerar ce ke zuwa da fari, muƙamin ya biyo ta kamar yadda rawani ke biyo naɗi. Ba don mutum ya zama Laftanar Janar ake ba shi sojan ƙasa ba. Don an ba shi sojan ƙasa ne ake mai da shi Laftanar Janar, saboda sauran Manjo Janar su sami wanda za su sara wa.

Wanda ya gane wannan zai daina mamakin abubuwa da yawa. Zai gane yadda Sambo Dasuki, Kanar mai ritaya, ya zauna a kujerar mai ba da shawara kan tsaro daga 2012 zuwa 2015 yana kiran masu taurari taro, da yadda Nuhu Ribadu, tsohon ɗan sanda, ya zauna a kanta daga 2023. Zai kuma gane cewa idan ana neman wanda za a tambaya game da wani hari a Zamfara, sanin muƙamin mutum bai wadatar ba, sai an san kujerar da yake kai da abin da aka damƙa mata.

Me ya sa ake taka-tsantsan da tauraro na uku da na huɗu haka? Tarihinmu ne ya koyar. Ranar 29 ga Yulin 1966 aka kashe shugaban ƙasa Manjo Janar Aguiyi-Ironsi, ɗan Najeriya na farko da ya kai wannan muƙamin. Mai bi masa a girma Birgediya Babafemi Ogundipe ne, amma sojojin da suka yi juyin ba su karɓi umarninsa ba, ya bar ƙasar, daga baya ya zama jakada a Landan. Mulki ya faɗa hannun Yakubu Gowon, Laftanar Kanar mai shekara 31. Ɗaya daga cikin hujjojin da Odumegwu Ojukwu ya riƙe na ƙin bin Gowon ita ce akwai na gaba da shi. Gowon ya tsallaka zuwa Manjo Janar a 1967, sannan cikakken Janar a 1971. Daga nan aka buɗe ƙofar da ta daɗe ba ta rufu ba: wanda ya riƙe mulki sai muƙami ya biyo shi da gudu.

A Janairun 1976 Murtala Muhammed ya tashi daga Birgediya zuwa Janar, Olusegun Obasanjo da Theophilus Danjuma suka tashi daga Birgediya zuwa Laftanar Janar. Wannan ya ɗora Danjuma a kan mutane irin su Manjo Janar Iliya Bisalla, kwamishinan tsaro, wanda a da yake gaba da shi. Wata guda bayan haka, ranar 13 ga Fabrairu, aka kashe Murtala a Legas a yunƙurin juyin mulkin da Laftanar Kanar Dimka ya jagoranta. Cikin dalilan da aka ambata na juyin Dimka har da ɓacin rai kan wannan ƙarin girman, kuma Bisalla na cikin waɗanda aka harbe a watan Maris. Bayan rasuwar Murtala kuma sai aka ɗauko Shehu Musa 'Yar'aduwa daga Laftanar Kanar zuwa Birgediya domin ya zama na biyu a gwamnati, saboda lissafin yanki da addini ya daidaita. Ibrahim Babangida ya tsallake Laftanar Janar ya zama Janar a 1987. Abdulsalami Abubakar ya kwana Manjo Janar ya wayi gari Janar a Yunin 1998. Sani Abacha ne ake ambata a matsayin na farko da ya kai ƙoli ba tare da tsallake mataki ko ɗaya ba: Manjo Janar a 1984, Laftanar Janar a 1987, Janar a 1990. Buhari kuwa ya yi wata ashirin yana mulki bai ƙara wa kansa ko anini ba, kuma wannan abin a faɗa ne ko da mutum na da sauran ƙorafi a kansa.

Abin da muka gani jiya shi maƙwabtanmu ke gani yau. A Nijar, Salou Djibo yana da muƙamin da ya yi daidai da Manjo lokacin da ya kifar da Tandja Mamadou a Fabrairun 2010, cikin watanni kaɗan ya zama mai tauraro huɗu. Abdourahamane Tiani janar ɗin birged ne a Yulin 2023, a Maris na 2025 ya zama mai tauraro biyar. Assimi Goita na Mali ya tashi daga Kanar zuwa ƙololuwa a Oktoban 2024. A Chadi, Idriss Deby ya zama Mashal a 2020, ɗansa Mahamat ya bi sahu a ƙarshen 2024. Najeriya dai, duk da dogon mulkin sojan da ta sha, muƙamin Fil Mashal yana nan a takarda babu wanda ya taɓa sa shi. Dalilin irin wannan tsallen ba alfahari ne kaɗai ba. Soja gida ne da aka gina kan wa zai sara wa wa. Ƙaramin hafsan da ya kama mulki yana da zaɓi biyu: ko ya kori duk na gaba da shi, ko ya haye samansu. Yawanci duka biyun ake yi.

Zaɓin farkon nan, na sallamar manya, shi ne ya tsira har cikin mulkin farar hula a Najeriya, kuma shi ne ya fi damuna. Al'adar ita ce babba ba ya aiki ƙarƙashin ƙaninsa na kwas. Wanda ya riga ka shiga makarantar Kaduna, ya sa ka tsallen kwaɗo kana sabon shiga, ba zai tsaya gabanka yana sara maka ba. Ba a sarki biyu zamani ɗaya. Don haka ranar da Shugaban Ƙasa ya nuna ɗan kwas kaza, duk Manjo Janar da ke kwasa-kwasan gabansa, har da wasu abokan kwas ɗinsa, sai su fara haɗa kaya. Wani lokaci ana samar wa wasu mafaka a hedikwatar tsaro ko makarantun haɗin gwiwa, idan Babban Hafsan Tsaro ya girme su. Sauran kuwa sai takardar ritaya, wadda ake kira ta son rai ko da ran bai so ba.

A duba yadda lambobin suka gudu. Buratai ɗan kwas na 29 ne, ya zauna daga Yulin 2015 zuwa Janairun 2021, shekara biyar da rabi, alhali ƙa'idar aikin ta tanadi shekara biyu ne da damar ƙari. Wannan doguwar zaman ta toshe hanya, kwasa-kwasan da ke bayansa suka tsufa a layi suka tafi ba su sami dama ba. Da aka tashi sauyi sai aka dira kan kwas na 35, Ibrahim Attahiru. Bai cika wata huɗu ba jirginsa ya faɗi a Kaduna ranar 21 ga Mayun 2021, shi da mutum goma, Allah ya ji ƙansu. Aka ɗauko Faruk Yahaya, mutumin Sifawa ta jihar Sakkwato, ɗan kwas na 37. A Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya naɗa Lagbaja na kwas na 39, hedikwatar tsaro kuma ta umarci waɗanda suka girme wa sabbin shugabannin su miƙa takardar ritaya. Lagbaja ya rasu a Nuwamban 2024, abokin kwas ɗinsa Olufemi Oluyede ya gaje shi. A Oktoban 2025 Oluyede ya haura kujerar tsaro, Waidi Shaibu na kwas na 41 ya karɓi sojan ƙasa. Shugabanni biyar ke nan cikin ƙasa da shekara biyar, kuma kusan kowane sauyi da ayarin masu tafiya gida.

Waɗannan masu tafiyar su wane ne? Mutane ne 'yan shekara hamsin da 'yan kai, da ƙarfinsu da lafiyarsu. Ƙasa ta yi shekara talatin tana kashe kuɗi a kansu, daga Kaduna zuwa Jaji zuwa Abuja, wasu har Birtaniya da Amurka da Indiya da Pakistan. Da yawansu sun fara jin ƙarar harsashi a Laberiya da Saliyo suna samari, sun yi Darfur, sun riƙe bataliya ko birged a Borno da Yobe. Sun san wace hanya ce ke nutsewa da damina tsakanin Dikwa da Gamboru, sun san wane mai unguwa ne maganarsa ke da tushe. Irin wannan sanin ba ya cikin fayil. Ƙasar da ke yaƙi a Arewa maso Gabas tun 2009, take fama da 'yan bindiga a Zamfara da Katsina da Sakkwato da Neja, ita ce ke sallamar irin waɗannan mutanen a ayari, ba don sun gaza ba, sai don lambar kwas ɗinsu ta gaza ta sabon maigida da ɗaya ko biyu.

Masu kare al'adar suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa umarni ba ya tafiya daidai idan mai bayarwa yana jin nauyin mai karɓa. Suna cewa babban da aka tsallake yana iya zama matattarar masu gunaguni, su kuma nuna 1976. Suna ƙarawa da cewa idan manya ba su tafi ba, Kanar da Birgediya da ke baya ba za su sami gurbi ba. Na yarda da kashi na ƙarshen nan fiye da sauran. Batun biyayya kuwa, tarihi bai nuna cewa ɗauko ƙarami yana sayen aminci ba. A Pakistan, Zulfikar Ali Bhutto ya tsallake manya da dama ya ɗauko Zia-ul-Haq a 1976, Zia ya kifar da shi a 1977. Nawaz Sharif ya yi irin haka da Pervez Musharraf a 1998, shekara guda bayan nan Musharraf ya kifar da shi. A Indiya kuma, da aka naɗa Bipin Rawat a ƙarshen 2016 aka tsallake manyansa biyu, dukansu sun ci gaba da riƙe rundunoninsu har lokacin ritayarsu ya yi, sama ba ta faɗo ba.

Abin da ya ba su damar zama shi ne abin da mu ba mu da shi. A Indiya wanda aka tsallake Laftanar Janar ne mai yankinsa, da girmansa, da aikin da ya ishe shi. A wurinmu tazarar da ke tsakanin Manjo Janar da kujera ɗaya tilo ta yi faɗi, babu wurin tsayawa a tsakani. Ra'ayina shi ne fagen yaƙi irin na Arewa maso Gabas, da na Arewa maso Yamma, sun kai girman da za a ba kowannensu Laftanar Janar mai cikakken iko da wa'adi sananne. A yanzu kwamandan fagen da kwamandan rundunar da ke cikin fagen sukan zama masu muƙami ɗaya, sai tsufan kwas ya raba su. Kuma a lura, Lucky Irabor da Attahiru da Yahaya da Christopher Musa da Shaibu duk sun riƙe fagen Maiduguri kafin su hau manyan kujerun Abuja. Gwamnatoci da kansu sun riga sun nuna cewa can ne ake gwada janar. Idan aka yi haka, muƙamin zai koma ga asalin ma'anarsa ta wakilin Janar a fagen daga, Shugaban Ƙasa zai riƙa zaɓa daga cikin mutum huɗu ko biyar da kowa ya ga aikinsu, wanda ba a zaɓa ba kuma yana da inda zai ci gaba da amfani.

Na san hatsarinsa. Muƙami a Najeriya idan aka buɗe masa ƙofa yakan zama rabon ganima, kowace shiyya ta ce ina nata. Kowane tauraro kuma yana zuwa da motoci da masu gadi da gida da haƙƙoƙin ritaya, a rundunar da kurtunta ke kukan alawus da kayan aiki. A Mayun 2014 sojoji sun buɗe wa motar kwamandan Runduna ta 7 wuta a barikin Maimalari bayan an kawo gawarwakin 'yan uwansu, kotun soja ta yanke wa goma sha biyu hukuncin kisa, daga baya aka sassauta zuwa ɗauri. Duk mai son ƙara taurari a sama dole ya tuna da wannan ranar. Shi ya sa nake ganin in za a yi, doka ce ya kamata ta ƙayyade adadin, ta ɗaura kowane tauraro na uku ga takamaimiyar kujera ta yaƙi, kamar yadda Amurka ke yi, inda majalisa ke iyakance yawan masu taurari uku da huɗu, muƙamin kuma na kujerar ne ba na mutumin ba. Kada ya zama kyautar da ake yi wa na kusa.

Kuma kada a ɗauka masu jan wuya duk a ofis suke. Birgediya Janar Dzarma Zirkusu yana kan hanyar kai ɗauki Askira Uba ne mayaƙan ISWAP suka yi masa kwanton ɓauna suka kashe shi a Nuwamban 2021, tare da wasu sojojinsa. Irinsa ne ke hawa tsanin nan mataki-mataki, kuma waɗanda suka tsira daga cikinsu su ne za su kai Manjo Janar bayan 'yan shekaru, su zauna jiran ranar da za a karanta suna ɗaya a rediyo. Sauran za a shirya musu faretin bankwana a makarantar sashensu, na dakarun ƙasa a Jaji, na sulke a Bauchi, na atilare a Kachiya ko Kontagora. Za a ɗora mutum a buɗaɗɗiyar mota, a ɗaura mata igiya, hafsoshin da ya horar su ja shi a hankali har bakin ƙofar bariki.